Yaushe aka raba likita da mai tallan magani?

Ɗan'uwa, ka rubuto cewa kun yi gardama da wani abokinka a majalisarku ta yamma. Shi ya kafe a kan cewa likitocin Turawa sun kori masu magani ne don su mallake kasuwa su kaɗai, kai kuma kana ganin ilimi ne ya raba su tun fil azal. Kana son sanin wa ya fi gaskiya, da kuma lokacin da aka yi wannan rabuwa.

Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna, ina kuma koya wa ɗalibai tarihin sana'ar, kuma kusan kowace shekara sai wani ya yi mini irin wannan tambaya. Abokinka ya riƙe rabin gaskiya, rabin kuwa mai nauyi ne. Likitocin Ingila da Amurka sun nemi hukuma ta keɓe musu sana'ar tun kafin su iya warkar da yawancin cututtuka. Abin da ya zo ya ba su gaskiya daga baya, da daɗewa ya zo, kuma ba su kaɗai suka kawo shi ba.

Ɗauki birnin Landan a shekarun 1700. Sana'ar magani a wurin kashi uku ce. A sama akwai manyan likitoci, 'yan ƙungiyar da Sarki Henry na takwas ya ba wa izini a 1518, wadda ikonta ya tsaya a Landan da mil 7 na kewayenta. Manyansu sun yi karatu a Oxford ko Cambridge, suna rubuta magani da Latin, kuma ba safai suke taɓa jikin majinyaci ba. Su dai su saurari bayani, su ji bugun jini, su dubi fitsari a kwalba. Kuɗin ganinsu gini ɗaya ne, wato sule 21, abin da lebura zai yi makonni bai tara ba. A ƙarƙashinsu akwai masu fiɗa, waɗanda tun 1540 ƙungiyarsu ɗaya da masu aski, ba su rabu ba sai 1745. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don shi ma wanzaminsa shi ne mai aski, mai ƙaho, mai kaciya, mai cire beli. Sai na uku, masu shagon haɗa magani, waɗanda su ne talaka ke iya zuwa wurinsu. Manyan likitoci sun so su hana su duba marasa lafiya, har suka kai wani mai shago, William Rose, ƙara saboda ya yi wa wani mahauci magani. A 1704 Majalisar Dattawan Ingila ta ba Rose gaskiya. Wannan shari'a kaɗai ta ishi abokinka hujja, domin rigimar ta wanda zai karɓi kuɗin majinyaci ce.

To me babban likitan yake da shi a jakarsa? Tsaga jijiya a zubar da jini, matsattsaku, maganin amai, maganin zawo, da hoda mai zaiba a ciki wadda ke sa dasashi ya kumbura, yawu ya yi ta dalala, haƙora su yi girgiɗi. A ranar 14 ga Disamba 1799, George Washington, shugaban Amurka na farko, yana fama da ciwon maƙogwaro. Likitoci uku suka taru a kansa. An zubar masa da jini sau huɗu, fiye da lita 2, alhali jinin babban mutum gaba ɗaya wajen lita 5 ne. Daren nan ya rasu. Waɗannan ba 'yan damfara ba ne, da zuciya ɗaya suka yi abin da aka koya musu. Amma wanda ya ga an yi wa mahaifinsa haka, in ya juya ya sayi kwalbar mai talla a kasuwa, ba za a ce masa wawa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma ba kowane lokaci mai tallan ke kan kuskure ba. Robert Talbor yaron shagon magani ne, ba shi da digirin likita, amma yana da wani haɗi na sirri da ke sauke zazzaɓin cizon sauro. Manyan likitoci suna hararsa, sai ga shi ya yi wa Sarki Charles na biyu magani, ya tsallaka Faransa, Sarki Louis na 14 ya sayi sirrin da sharaɗin ba za a bayyana ba sai bayan ransa. Da Talbor ya mutu a 1681 aka buɗe, ashe ɓawon itacen sinkona ne daga Kudancin Amurka aka jiƙa a ruwan inabi. Daga wannan ɓawo aka fitar da kwinin a 1820. Haka kuma likita William Withering, wanda ya bayyana wa duniya maganin zuciya na ganyen dijitalis a 1785, daga wani haɗin gargajiya na ƙauye ya ɗauko bakin zaren.

A ɗaya gefen kuma, likitoci masu takarda su ma suna tallan sirri. Robert James cikakken likita ne, amma hodarsa ta zazzaɓi, mai sinadarin antimoni, ta fi kowace kasuwa a zamaninta, kuma wani mai sayar da littattafai ne babban dillalinta. Majalisar dokokin Ingila da kanta ta yi doka a 1739 don a biya wata mata, Joanna Stephens, fam 5,000 ta bayyana maganinta na tsakuwar mafitsara. Da aka buga shi a jaridar gwamnati, sai aka ga ɓawon ƙwai ne da aka ƙona, da dodon koɗi, da sabulu, da wasu ganyaye. Manyan likitoci da malaman kimiyya na cikin waɗanda suka sa hannu cewa yana aiki. Ka ga ke nan a wancan ƙarni babu wata katanga tsakanin gidajen biyu. Kasuwa ɗaya ce, kowa da rumfarsa.

Abin da ya kumbura kasuwar nan shi ne injin buga jarida da hanyoyin kai kaya. Magani na daga cikin kayan farko da aka fara sayarwa da suna da tambari a faɗin ƙasa guda. Turawa suna kiransu "patent medicine", sunan da ya samo asali daga takardar izinin da sarki ke ba mai sabuwar ƙirƙira. Mafi yawansu ba su da takardar ma, don mai nemanta sai ya rubuta abin da ya haɗa, su kuwa sirrin shi ne jarinsu. Sunan ne dai ya bi Turawan mulkin mallaka ya iso wurinmu, har yau shi ne a kan lasisin ƙananan shagunan da muke ce wa kemis. A 1783 gwamnatin Ingila ta sa wa waɗannan magunguna haraji, ana manna hatimin harajin a jikin kwali. Masu saye da yawa suka ɗauka hatimin shaida ce cewa gwamnati ta gwada maganin ta amince, alhali kuɗinta kawai ta karɓa.

A ƙarni na 19 abin ya zama masana'anta. James Morison ya fito da ƙwayarsa a 1825, yana wa'azin cewa cuta duk ɗaya ce, dattin jini, maganinta kuma ɗaya, a wanke ciki. In ba ka ji sauƙi ba, ƙara yawan ƙwayar. A 1836 kotu ta sami wani wakilinsa da laifin kisa ba da niyya ba, bayan ya ɗirka wa wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗaruruwan ƙwayoyi har ya mutu. Ciniki bai tsaya ba. Thomas Holloway kuwa, a ƙarshen rayuwarsa yana kashe wajen fam 50,000 a shekara a kan talla kaɗai, kuma da ribar ƙwayarsa ya gina kwalejin mata da Sarauniya Victoria ta buɗe a 1886, wadda har yau take ɗauke da sunansa a Jami'ar Landan.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin rabuwar ta fara, kuma labarin da na fi so ke nan in ba ɗalibaina. Wani likita Ba'amurke, Elisha Perkins, ya ƙera wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe, tsawon yatsa, ya ce in aka shafa su a wurin ciwo suna zuƙe cutar. Ya sami takardar mallaka a 1796. A Ingila gini 5 ake sayar da su, mutane kuma suna rantsuwa cewa sun warke. Wani likita a garin Bath, John Haygarth, bai tsaya zagi ba. Ya sa aka sassaƙa masa sandunan itace, aka shafe su da fenti suka yi kama da na ƙarfen. A watan Janairu 1799 ya gwada su a kan mutum biyar masu ciwon gaɓoɓi a asibiti, ba tare da sun san na itace ba ne. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Washegari aka yi musu da na ƙarfen, sakamakon bai bambanta ba. Da katako da fenti ya nuna cewa faɗin majinyaci "na ji sauƙi" gaskiya ne a wurinsa, amma ba ya tabbatar da cewa maganin ne ya yi aikin. Yawancin ciwo da kansa yake tafiya, wani yana lafawa ya dawo, kuma sa rai kansa yana rage raɗaɗi. Mai talla yana tara shaidar waɗanda suka tashi, waɗanda suka kwanta dama kuwa ba mai rubuto wasiƙar godiya a madadinsu.

Wannan ma'auni bai bar likitoci ba. A shekarun 1830 wani likita a Paris, Pierre Louis, ya zauna ya ƙirga masu ciwon huhu da aka zubar wa jini da wuri da waɗanda aka jinkirta wa, ya ga amfanin zubar da jinin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Sana'ar ta ɗauki shekaru kafin ta haɗiye wannan magana, amma ta haɗiye. A nan nake ganin fifikonta: ta yarda a ƙirga gawarwakinta, ta kuma bar abin da ta yi shekara dubu biyu tana yi. Ban san mai kwalbar sirri ko ɗaya da ya taɓa janye hajarsa don ƙidaya ta ƙaryata shi ba.

Batun jarrabawa da lasisi kuwa, bari in ɗan ratse, ba Turawa suka fara shi ba. Masana tarihin likitancin Musulmi sun rawaito cewa a Bagadaza, a shekara ta 931, wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai yi masa magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa aikin likita sai wanda Sinan bin Sabit ya jarraba ya ba shi takarda. An ce sama da mutum 800 aka jarraba. Ingila ba ta kai ga irin wannan a faɗin ƙasa ba sai 1815, da aka wajabta jarrabawa ga masu shagon magani da ke duba marasa lafiya, sannan dokar 1858 da ta kafa majalisar kula da likitoci da littafin rajista. Mutane da yawa suna zaton dokar 1858 ta haramta wa marasa takarda yin magani. Ba ta haramta ba. Ta hana ka ne ka yi ƙaryar cewa sunanka na cikin rajista, ta kuma keɓe aikin gwamnati da sa hannu a takardun hukuma ga masu rajista. Babban abin da ta kawo shi ne wurin da za a kai ƙarar likita a goge sunansa.

A Amurka ma baya aka fara ci. Wani manomi, Samuel Thomson, ya sami takardar mallakar tsarinsa na magani da ganyaye a 1813, yana sayar wa kowane gida izinin amfani da shi a kan dala 20. Magoya bayansa suka yi ta kururuwar cewa lasisi zalunci ne na masu hannu da shuni, kuma a shekarun 1830 zuwa 1840 jihohi da dama suka soke dokokin lasisinsu. Ƙungiyar likitocin Amurka an kafa ta a 1847 cikin wannan hali, amma ta daɗe ba ta da haƙora, mujallarta ma tana cin kuɗin tallan magungunan sirri har farkon ƙarni na 20.

Kwalaben wancan zamani ba wasa ba ne. Tonik ɗin mata na Lydia Pinkham kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa barasa ce. Ruwan da ake kira Mrs. Winslow's Soothing Syrup, wanda ake ba jarirai masu fitar da haƙori, morfin ne a ciki. Yaro zai yi shiru, uwa ta sami barci, wani yaron kuma shirun ke nan har abada. Jaridu sun sani amma bakinsu a ɗaure yake, domin kamfanonin suna sa sharaɗi a yarjejeniyar talla cewa in jiha ta yi dokar da ta taɓa su, kwangila ta mutu. Ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ne ya fasa ƙwan a mujallar Collier's a 1905, ya kai kwalabe ɗakin gwaji ya buga abin da aka samu. A 1906 aka yi doka a Amurka da ta tilasta rubuta barasa da morfin da hodar iblis da makamantansu a jikin kwalba. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta yi irin wannan aiki. Ƙwayar Beecham, wadda ake tallata cewa kwalinta ya cancanci gini guda, ana sayar da shi sule ɗaya da kobo ɗaya da rabi. Da aka narka ta, sai aka sami busasshen ruwan kabar giwa, da citta, da sabulu. Kuɗin kayan haɗin kwalin duka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na kobo ba.

A daidai wannan lokaci ne jakar likita ta fara cika da abin kirki: maganin gusar da hankali don tiyata a 1846, tsabtace rauni da kayan fiɗa ta hanyar Lister a 1867, gano ƙwayar cutar tarin fuka da Koch ya yi a 1882, allurar mashaƙo a shekarun 1890, insulin a 1922, fenisilin a shekarun 1940. Sai a nan ne ikon da suka daɗe suna nema ya sami abin jingina.

Sai dai kada ka je wa abokinka da cewa an yi wannan gyara ba a taka kowa ba. An taka. Elizabeth Garrett Anderson ta ci jarrabawar ƙungiyar masu shagon magani a 1865, nan da nan ƙungiyar ta sauya ƙa'ida don kada wata mace ta biyo ta ƙofar. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada. Da yawansu shagunan sayar da takardar shaida ne, rufe su alheri ne. Amma cikin makarantu bakwai na baƙar fata, biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry, kuma al'ummar ta yi shekaru tana ɗanɗana ƙarancin likitoci. A nan Afirka ta Yamma, a 1902 Turawan Ingila suka kafa rukunin likitocin gwamnati suka keɓe shi ga Turawa zalla, alhali akwai 'yan Afirka irin su Africanus Horton da suka kammala karatun likita a Birtaniya tun kafin 1860. Takarda iri ɗaya, an hana su matsayi saboda launin fata. Wannan abu yana yi mini ciwo duk lokacin da na karantar da shi.

Dokar 1906 kanta ta bar ƙofofi a buɗe. A 1911 kotun ƙolin Amurka ta ce dokar ta hana ƙarya a kan abin da ke cikin kwalba ne kawai, ba ta shafi ƙaryar cewa yana warkar da ciwon daji ba. Clark Stanley, mai shahararren man maciji, da aka gwada hajarsa aka tarar babu maciji a ciki sai man fetur da aka tace da ɗan kitse da barkono, tarar dala 20 aka ci shi. Wani attajiri, Eben Byers, ya sha kwalba sama da 1,000 ta ruwa mai sinadarin radiyom da ake sayarwa a matsayin maganin ƙarfi, muƙamuƙinsa ya ruɓe, ya mutu a 1932. Sai a 1937 wani kamfani a jihar Tennessee ya narka maganin sulfa, wanda shi kansa magani ne na gaske, a cikin wani ruwa mai zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol, ya sa masa ƙamshin 'ya'yan itace, ya aika kasuwa ba tare da gwaji ba. Ruwan yana kashe ƙoda. Fiye da mutum 100 suka mutu, yara da yawa a ciki. Abin da doka ta iya kama kamfanin da shi shi ne sunan da ya sa wa maganin bai dace ba. Shekara ta gaba, 1938, aka wajabta nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Wajabta nuna cewa yana aiki kuwa sai 1962, bayan ƙwayar talidomaid ta sa an haifi dubban jarirai da naƙasa a Turai da wasu ƙasashe. Kusan kowane sashe na dokokin nan, sai da aka binne mutane kafin a rubuta shi.

Ruwan nan da ya kashe yaran Amurka a 1937 shi ne ya shiga ruwan farasitamol a Najeriya a 1990, yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan, shekara uku kafin a kafa hukumar NAFDAC. Shi ne kuma a maganin haƙorin yara na My Pikin a 2008, yara 84. Ya sake ɓulla a Gambiya a 2022, yara wajen 70.

Shi ya sa ban ɗauki tarihin nan a matsayin labarin wasu mutane na nesa ba. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo wurin aikina da jariri a goye, ta ciro wata kwalba daga leda ta miƙo mini. A tasha ta saya, wurin mai mota da lasifika. Ta ce, "Malam, duba mini, tun da na fara ba shi sai barci, ko nono ba ya kamawa sosai." Ruwa ne ja mai kauri. Takardar jikinsa ta jera haƙori, shawara, basir, sanyi, tari, ciwon ciki da rana. Na juya kwalbar ina neman jerin abin da aka haɗa, babu. Na nemi lambar rajista, na nemi adireshin wanda ya yi, na nemi ranar lalacewa, sai lambar waya kawai da hoton jariri mai ƙiba. Na ce mata, "Hajiya, ki bar mini kwalbar nan, ki wuce da yaron asibitin yara yanzu, kada ki koma gida tukuna." Na rubuta mata takarda zuwa ga likitan da ke bakin aiki, na sa a ciki cewa a duba numfashinsa da yawan fitsarinsa, na kuma naɗe kwalbar don miƙa wa hukuma a gwada.